Ramar da Tuwo Ba Ya Mayarwa: Inda Bincike Ya Kwana a Kan Zubewar Tsokar Majinyata

Kawuna Bakabe ne, masunci kuma manomin shinkafa, a wani ƙauye da ke gefen fadamar Argungu. Mutum ne da ke cicciɓar buhu shi kaɗai ya aza a amalanke. Da ciwon daji na hanta ya kama shi, wata huɗu bai cika ba sai da damtsensa ya koma kamar sillen kara, gefen goshinsa ya lotsa, riga ta riƙa yawo a jikinsa. Matarsa, wadda muke kira Inna, babu abin da ba ta girka ba: kunun gyaɗa, farfesun kifi, fura da nono, dafaffen ƙwai. Ya yi cokali biyu ya kau da kai. Ranar da ya daure ya ci da yawa ma, washegari ba a ganin alamarsa. Dangi suka fara ƙananan maganganu, wasu na cewa ba ta kula da shi yadda ya kamata, wasu na cewa jifa ne, wata tsohuwa ta rantse an kama masa kurwa. Wata rana Inna ta ja ni gefe ta ce, "Ɗan nan, mi zan ba kawunka kuma? Ko ya ci, kamar a rariya nake zubawa."

Sai daga baya na gane cewa abin da ta faɗa a tsaye bakin murhu, shi ne kusan kalma da kalma abin da masana suka rubuta a matsayin ma'anar wannan larura. Likitoci suna kiran ta kakeksiya, kalmar Girkanci mai nufin mugun yanayin jiki. Mu kuwa muna da tamu kalmar tun tuni: ƙanjamewa. Daga gare ta cutar ƙanjamau ta samo suna, kamar yadda mutanen Yuganda a shekarun 1980 suka laƙaba wa cutar sunan sirancewa. Ana ganin irin wannan rama a tarin fuka, da ciwon zuciya da ya yi nisa, da ciwon ƙoda, da ciwon huhu mai daɗewa, amma a ciwon daji aka fi nazarin ta. A dajin tumbi da na fankiriyas, gaɓar nan da ke fitar da insulin, tana iya kama kusan takwas cikin goma na waɗanda ciwonsu ya yi nisa. Ƙiyasin da aka fi kawowa shi ne, cikin duk mutum biyar da daji ya kashe, aƙalla ɗaya ramar ce ta ƙarasa shi. A Najeriya, inda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta sababbin masu daji kusan 128,000 da mace-mace kusan 80,000 a 2022, wannan ba ƙaramin jama'a ba ne.

A 2011 wani ayarin masana ƙarƙashin Kenneth Fearon, likitan tiyata a Edinbara, suka tsayar da ma'aunin da har yau ake aiki da shi. Idan majinyaci ya rasa fiye da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa cikin wata shida ba da niyya ba, ya shiga. Wato mai kilo 60 ya zubar da fiye da kilo 3. Idan kuwa da ma siriri ne ko tsokarsa ta riga ta yi ƙasa, rasa fiye da kashi 2 ma ya isa. Suka raba ta mataki uku: na share fage, na ainihin ramar, da na ƙarshe da ba ya jin magani. Sannan suka ƙara jimlar da ta fi komai nauyi, cewa zubewar tsoka ce wadda ciyarwa irin ta yau da kullum ba ta iya mayar da ita gaba ɗaya.

Me ya sa? Dubi gidan manomi a shekarar fari. Maigida mai hankali yakan rage awo, a koma cin abinci sau biyu, a riƙa ɗiba daga rumbu kaɗan-kaɗan. Shanun huɗa su ne na ƙarshen fita, domin ya san da su za a tashi baɗi. Haka jikin mai jin yunwa yake yi: yana rage ƙona kuzari, ya koma cin kitse, ya tattala tsoka iyakar iyawarsa, kuma da abinci ya samu sai ya murmure. Jikin mai kakeksiya kuwa gida ne da aka kai shanun huɗa kasuwa alhali rumbu da sauran hatsi, ana cire azara ana hura wuta, kuma maigidan ya daina jin yunwa sam. Duk buhun da aka shigo da shi, a wutar nan zai ƙare.

Abin da zai ba makiyayi mamaki shi ne, zaren binciken zamani a kan wannan larura daga garken shanu aka kamo shi. Anthony Cerami na Jami'ar Rockefeller a Amurka ya lura a Kenya cewa shanun da sammore ya kama suna ƙanjamewa matuƙa, alhali ƙwayoyin cutar da ke jininsu ba su kai yawan da za su cinye saniya ba. Duk Bafulatanin da ya taɓa kai garke inda ƙudan tsando yake ya san wannan kama. Cerami ya yi zargin cewa jikin dabbar ne da kansa ke fitar da wani abu. A 1985 shi da Bruce Beutler suka tace sinadarin, suka kuma gano cewa shi ne wanda wasu masanan ke kira TNF, ɗaya daga cikin saƙonnin da garkuwar jiki ke aikawa idan ta tunzura. Aka ɗauka an gama. Sai dai da aka gwada magungunan toshe TNF a kan masu daji, ramar ba ta tsaya ba. Ashe ɗan aike ɗaya aka tare, alhali akwai IL-6 da wasu da dama suna bin wasu hanyoyin da saƙo iri ɗaya.

Abin da saƙon ke yi idan ya isa, an san shi sosai yanzu. Tsoka kullum cikin gini da rushewa take, ko a jikin mai lafiya. A 2001 aka gano wasu sinadarai biyu a cikinta da aikinsu ya yi kama da na ma'aikacin da ke shafa jan fenti a gidan da za a rusa: su yi wa furotin alama, injin niƙa na cikin ƙwayar halitta ya bi baya. A kakeksiya masu fentin nan ba sa hutawa, magina kuma sun yi sanyi ko da an kawo musu kayan aiki. Hanta na kwashe tubalin da aka rushe tana ƙera sinadaran yaƙi da cuta. Kitse ma narkewa yake, har bincike a kan ɓeraye a 2014 ya nuna wani sashensa na rikiɗa ya koma ƙona kuzari a banza, zafi kawai yake fitarwa. Akwai kuma birkin da jiki ke taka wa girman tsoka, mayostatin, wanda aka gano a Jami'ar Johns Hopkins a 1997. Shanun nan na Beljiyam masu murɗaɗɗen jiki, birkin ne ya lalace musu tun daga gado. A 2010 aka toshe hanyar wannan birki a ɓeraye masu daji, tsokarsu ta dawo, suka ƙara kwana, alhali ƙarin da ke jikinsu bai daina girma ba. Wannan ya ƙarfafa ra'ayin cewa ramar cuta ce mai zaman kanta da ta cancanci nata maganin. Kuma ba tsokar hannu da ƙafa kaɗai ke tafiya ba, har da ta numfashi da ta zuciya.

Inda aka fi samun motsi a 'yan shekarun nan shi ne ɓangaren ƙin abinci. Akwai wani sinadari, GDF-15, da ƙwayoyin jiki ke fitarwa idan suna cikin wahala, kuma wasu nau'o'in daji na kwararo shi cikin jini. A 2017 aka gano inda yake sauka: wani ɗan gurbi can ƙasan ƙwaƙwalwa, wajen ƙeya, daidai wurin da ke kula da tashin zuciya da amai. Matanmu sun san aikinsa ko da ba su san sunansa ba, domin a 2023 bincike ya danganta shi da laulayi mai tsanani, irin wanda ko ƙamshin miya mai ciki ba ta iya shaƙa. Duk wadda ta yi irin wannan laulayin ta san cewa "daure ki ci" magana ce ta wanda bai taɓa ji ba. Da dangin Kawu sun san irin abin da yake ji ke nan, da sun sassauta masa, da ita Innar.

Kamfanin Pfizer ya haɗa allurar da ke kama GDF-15 tun a cikin jini, mai suna fonsegromab. A Satumban 2024 aka wallafa sakamakon gwajinta a kan mutum 187 masu dajin huhu, na fankiriyas da na babban hanji, waɗanda sinadarin ya yi yawa a jininsu. Bayan mako 12, waɗanda aka ba kaso mafi girma sun ɗara waɗanda aka yi wa allurar da babu magani a cikinta da kimanin kilo 2.8, sun fi jin cin abinci, sun kuma fi motsawa. A fagen da aka shafe shekaru ana dawowa hannu rabbana, wannan labari ne mai daɗi. Amma gwaji ne na matakin tsakiya, mako 12 ne kacal, kuma magunguna irin wannan aji suna cikin mafiya tsada a duniya.

Dalilin taka-tsantsan ma yana nan a tarihi. Anamorelin, ƙwayar da ke kwaikwayon sinadarin yunwa na tumbi, ta ƙara wa masu dajin huhu nauyi da tsoka a manyan gwaje-gwaje biyu da aka wallafa a 2016, amma ƙarfin damƙar hannunsu bai ƙaru ba. Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ƙi amincewa da ita a 2017, Japan kuwa ta amince a 2021. Magani ɗaya, hujja ɗaya, hukunci biyu. Har gobe masana na jayayya a kan abin da za a kira nasara: kilo, ko girman tsoka, ko ƙarfi, ko tsawon rai. A ganina Turawan sun tsaurara, amma tambayarsu tana kan hanya. Kawu bai taɓa tambayar kilo nawa yake ba. Damuwarsa ita ce ko zai iya tsugunawa ya yi alwala ya miƙe da kansa, ko zai yi sallah a tsaye, ko zai zaga bayi ba tare da ɗansa ya riƙe shi ba.

Wannan ya kawo mu ga sikeli, wanda a harkar nan maƙaryaci ne. A watansa na uku nauyin Kawu ya ƙaru, har aka yi murna. Ruwa ne ya taru masa a ciki da ƙafafu, abin da aka saba gani a ciwon hanta, na zuciya da na ƙoda. A ɗaya gefen kuma, Carla Prado da Vickie Baracos a Alberta ta ƙasar Kanada sun nuna a 2008 cewa mai ƙiba na iya zama wanda tsokarsa ta zube ƙarƙashin kitse, kuma irin waɗannan majinyata sun fi saurin rasuwa. Hajiya mai jiki da ake cewa "ai ba ta rame ba" tana iya fin siririn manomi shiga haɗari. Dabarar da suka yaɗa ita ce a ɗauki hoton siti-sikan na ciki, a duba yanka ɗaya daidai ƙashin baya na uku a sashen ƙugu, a auna faɗin tsokar da ke wurin. Daga nan ana ƙiyasta ta jiki duka. Abin yana da amfani a aikace, domin ana lissafa yawan maganin daji ne da tsawo da nauyi, don haka mutum biyu masu tsawo da nauyi iri ɗaya za a ba su kaso ɗaya, amma mai ƙarancin tsoka ya fi jigata. Iyalin da suka sayar da akuya suka biya kuɗin hoton ciki sun riga sun sayi wannan bayani, yana nan kwance a cikin hoton, sai dai a samu mai aunawa.

Akwai inda nake ganin dole mu yi hattara da awon da aka shigo da shi. Ma'aunin Turai na 2019 ya ce namijin da damƙarsa ta gaza kilo 27, ko macen da tata ta gaza 16, shi ne mai raunin tsoka. An fitar da waɗannan lambobi ne daga jikin Turawa. A ce masuncin da ya shekara talatin yana jan taru da tuƙa kwalekwale damƙarsa kilo 48 ce, ciwo ya sauko da ita 30. A takarda lafiyarsa lau, alhali ya rasa fiye da sulusin ƙarfinsa. Haka macen da ta tashi da daka da jan guga. A wurinmu sauyin da aka gani tsakanin awo biyu ya fi lambar kanta faɗin gaskiya, kuma hakan na nufin a fara auna mutum tun ranar da ya fara zuwa asibiti.

Binciken da ya fi kusa da aljihunmu daga Indiya ya fito. A wani asibitin koyarwa a Puducherry aka ba majinyata 124 da ke karɓar maganin daji ko dai ƙwayar olanzafin miligiram 2.5 kullum, ko ƙwayar da ba magani a ciki, tsawon mako 12. Olanzafin tsohon maganin taɓin hankali ne da aka daɗe da sanin yana buɗe ciki. Kashi 60 na masu shan sa suka ƙara fiye da kashi 5 na nauyinsu, a ɗaya rukunin kuwa kashi 9. A shekarar 2023 ƙungiyar likitocin daji ta Amurka ta gyara jagorarta ta shigar da shi. Magani ne mai araha, amma na likita ne, yana sa barci, yana iya taɓa sukari. Ina jaddada haka ne saboda na san abin da ke faruwa a kemis: da an ce mutum ya rame sai a haɗo masa sha-ka-fashe. Deksametazon da ke cikin irin wannan haɗi yana buɗe ciki na 'yan makonni, likitoci ma suna ba da shi na ɗan lokaci idan ciwo ya yi nisa, amma idan aka daɗe ana sha shi kansa cin tsokar cinya yake, ya kumbura fuska, ya karya garkuwa. Kumatu su cika, ƙafa ta kasa ɗaukar mai ita.

Sai dai a nan ne nake rabuwa da masu ɗauko maganar "abinci ba ya maganinta" su dire ta a Kebbi yadda take. An rubuta jimlar ne a ƙasashen da majinyaci ke da abinci a gabansa. Mu kuwa a yankin da ƙungiyar likitoci ta MSF ke kwantar da yara masu tamowa a Maiyama muke, kuma tantancewar da aka yi a Shinkafi da Zurmi ta Zamfara a 2024 ta nuna kusan yaro ɗaya cikin huɗu na fama da ita. Babban da ya kwanta ciwo a irin wannan gida, wanda kuɗin cefane ya tafi a motar Sakkwato da kuɗin gasa dajin a asibiti, sau da yawa rama biyu ce a jikinsa: ta cuta da ta yunwa. Ga gyambon baki, ga bushewar ciki, ga zafin ciwo da ba a kashe ba, ga baƙin ciki, ga masu ba da shawara a WhatsApp cewa nama da ƙwai na ciyar da daji. Duk waɗannan suna da gyara, kuma kason ramar da suka jawo yana dawowa. Wanda ya ce kakeksiya ce tun bai kawar da su ba, ya yanke hukunci da wuri.

Jagorar masana abinci ta Turai na neman furotin giram 1 zuwa 1.5 ga kowane kilo a rana, wato giram 60 zuwa 90 ga mai kilo 60. Ƙwai ɗaya kusan giram 6 ne, ka ga ke nan koko da ruwan shayi ba za su kai ko'ina ba. Kifi, awara, wake, alale, ƙuli-ƙuli, kindirmo, kaɗan-kaɗan sau shida ko bakwai, sun fi malmala ɗaya da za ta tsorata majinyaci tun daga ƙofa. Mai ciwon ƙoda dai nasa lissafin daban ne, sai da likita.

Sannan akwai kwanciya, wadda muke ɗauka gata ce. "Kwanta ka huta, kada ka motsa." Wani gwaji a Amurka a 2007 ya kwantar da tsofaffi masu ƙoshin lafiya kwana 10 a gado, suka rasa kusan kilo guda na tsokar ƙafa, ba ciwon komai. Tashi daga kujera sau biyar, zagaya tsakar gida, takawa zuwa masallacin ƙofar gida idan da hali, duk magani ne. Ba zan ƙara masa gishiri ba: gwajin da aka haɗa motsa jiki, ƙarin abinci da maganin kumburi, wanda masana daga Norway suka gabatar a 2024, ya tsayar da zubewar nauyi amma bai nuna ƙarin tsoka ba. Hujjar ba ta kai yadda ake so ba tukuna, illar kwanciyar ce dai ba a jayayya a kanta.

Kebbi ba baƙuwa ba ce a maganar daji. Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, matar tsohon gwamnan jihar, wadda ta kafa gidauniyar Medicaid, an zaɓe ta a 2024 a matsayin shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da daji ta duniya, UICC, ta farko daga Afirka. Wayar da kai a kan gwajin mama da bakin mahaifa ya yi nisa. Abin da zan so a ƙara ba ya bukatar gini: tsinken awon damtse da ma'aikatan lafiya ke ɗaura wa yara a kowace ƙaramar asibiti, akwai irinsa na manya, tef ɗin tela na auna sha-raɓa, inda ƙasa da santimita 31 alama ce ta gargaɗi ga tsoho, agogon waya na ƙirga daƙiƙar tashi daga kujera sau biyar, inda wuce 15 ke nuna rauni. A rubuta su a kati duk zuwa. Shekara uku ana haka a Birnin Kebbi, Yauri, Zuru da Argungu, za a samu lambobin jikinmu da babu wanda zai auno mana daga waje.

Mataki na uku na ramar, wanda ba ya jin magani, shi ne mai wuyar faɗa. Idan daji ya daina jin magani, majinyaci ya koma kwance, ana hasashen abin da ya rage bai kai wata uku ba, jagororin likitoci ba sa goyon bayan ɗura abinci ta tiyo ko ta jijiya a matsayin al'ada, domin ba ya ƙara kwana, yana kuma iya ƙara ruwan ciki da sarƙewar numfashi. Mu kuwa a lokacin ne muke matsa wa likita, "a sa masa ruwa mana," muna tsaye a kan majinyaci da cokali har ya fara juya fuska bango idan ya ji motsin kwano. Haka muka yi wa Kawu kusan wata guda. Wata ma'aikaciyar jinya ce, 'yar unguwarsu, ta zaunar da Inna ta ce mata, "Inna, ba girkinki ba ne, ciwon ne ya rufe mashi ciki. Ki bar shi ya nemi abin da ransa ke so." A makonsa na ƙarshe fura mai sanyi kaɗai yake nema, a ludayi, kurɓa uku ko huɗu, kuma ita ce ke dama masa.